Gwaji uku, sakamako uku: wanne za mu kai wa likita?

Dan_Kwarbai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Mahaifinmu ya haura shekara 60, kuma wata biyu ke nan yana fama da kasala, jiri, rama da yawan fitsari cikin dare. Mun fara kai shi ƙaramin asibitin gwamnati na kusa da gida, aka ɗebi jini, aka ce maleriya ce da taifot. Ya shanye magani tas, babu sauƙi. Muka tafi wani babban asibitin gwamnati, likita ya rubuta gwaji shida. Uku aka yi a ciki, uku aka ce babu sinadarin yi, mu je waje. A ciki aka ce babu maleriya. A waje aka ce taifot tana nan daram. Suga kuma wani wuri ya rubuta 6.4, wani ya rubuta 13. Yanzu takardu uku ne a hannuna, kowace da abin da take faɗa, kuɗi sun ƙare, tsoho kuma ya ce kar a sake soka masa allura. Jini ɗaya ne a jikin mutum ɗaya, ta yaya sakamako zai sha bamban haka?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Wallahi kamar labarina kake bayarwa. Sau huɗu aka yi min maganin taifot a shekara ɗaya, ashe jinina ne ya yi ƙasa.

Shugabar_Zaure:
Allah ya ƙara sauƙi. Tunatarwa kafin magana ta yi nisa: duk mai ƙorafi ya faɗi abin da ya same shi, amma kar a kama sunan asibiti ko ma'aikaci. Mun sha ganin inda hakan ke kai mu.

Malam_Dakin_Gwaji:
Dan_Kwarbai, sannu da jinya. Aikina ke nan shekara da shekaru, bari in warware maka abin daki-daki.

Na farko taifot. Gwajin da aka fi yi a nan sunansa Widal, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba. Abin da yake aunawa shi ne alamun da garkuwar jiki ta bari bayan ta taɓa haɗuwa da ƙwayar. Mu da muka tashi muna shan ruwan rijiya da na 'yan garuwa, da yawanmu muna ɗauke da wannan alama ko muna lafiya ƙalau. Maleriya ma kan sa ya nuna kamar akwai taifot. Shi ya sa za ka ga mutum ya sha magani ya gama, a maimaita, a ce tana nan. Hanyar da ta fi inganci ita ce a shuka jinin a kwalba ta musamman a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro, kuma an fi so a ɗebi jinin kafin a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya fi tsada, ba ko'ina ake yi ba, shi ya sa aka koma wa Widal.

Na biyu suga, kuma nan ne hankalina ya fi tsayawa. Tambaya: lokacin da aka samu 13 ɗin, Baba ya ci wani abu?

Dan_Kwarbai:
Ranar 6.4 bai ci komai ba tun dare. Ranar 13 kuwa mun fito tun bayan asuba, layi bai zo kanmu ba har wajen sha biyu, jiri ya fara ɗibarsa, sai na sayo masa koko da ƙosai a bakin ƙofa. Ba wanda ya tambaye mu ko ya ci, ni ma ban san ya kamata in faɗa ba.

Malam_Dakin_Gwaji:
To ka gani, waɗannan biyun ba saɓani suka yi ba, gwaji biyu ne daban. Na ciki wofi ana so mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci ba, kuma daga 7.0 zuwa sama ne ake zargin ciwon suga. Wanda aka yi bayan an ci abinci, in ya kai 11.1 ga kuma alamu irin na Baba, rama da yawan fitsari, ba abin a ajiye a aljihu ba ne. Ka roƙi likita ya duba yiwuwar gwajin HbA1c. Shi yana nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ba sai an zauna da yunwa ba. Wani abu kuma da ke rikita mutane: ma'aunin suga iri biyu ne, wasu na'urori mmol/L suke rubutawa, wasu mg/dL. Ana ninka na farko sau 18 a samu na biyu, wato 7 daidai yake da 126. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta kwana tana kuka don ta ga 110 a takardarta, maƙwabciyarta kuma 6, alhali kusan abu ɗaya ne.

Bazazzagi_Asali:
Malam ka yi bayani, Allah ya saka. Amma ka tsallake gefe guda. Wannan "babu sinadari, ku je waje" fa? Ni an taɓa rubuta min sunan wurin da zan je a bayan takarda, har da cewa in na je wani wuri ba za a karɓi sakamakon ba. Ka gaya mana tsakani da Allah, babu kashi mu raba a ciki?

Malam_Dakin_Gwaji:
Ba zan rantse a kan kowa ba. Akwai masu yi, kuma haramun ne, amanar mara lafiya ce aka ci. Amma akwai kuma likitan da yake tura ka wuri ɗaya don ya gaji da karɓar sakamakon banza daga wasu wuraren. Daga waje duka biyun kama ɗaya suke yi.

Nas_Ta_Dare:
Bazazzagi_Asali, ina roƙonka ka zo ka kwana ɗaya da mu kafin ka yanke mana hukunci. Daren jiya mu biyu ne a kan ɗaki cike, har da masu kwance a benci. Wuta ta ɗauke ƙarfe ɗaya, da fitilar waya na nemi jijiyar wani yaro. Sinadaran gwaji da yawa sai a firij suke zama, in wuta tana zuwa tana ɗaukewa lalacewa suke yi, in an yi aiki da su a haka sakamakon ƙarya za su bayar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, ga kuɗin wuta da aka ƙara wa 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, a 2024, ga dizal na janareta. Kusan duk sinadaran nan daga waje ake shigo da su, da dala. Wani lokacin "babu" ɗin da muke ce muku gaskiya ce tsagwaronta, kuma mu ma zafinta muke ji, don mu ne muke kallon idon mai jinya.

Bazazzagi_Asali:
Anti ban ce dukkanku ba. Na san akwai masu tsoron Allah. Amma abin da ya faru da ni ya faru.

Uwargida_Samaru:
Ni abin da ya fi ci min rai shi ne bambancin da ke cikin asibiti ɗaya. Da na yi awon cikin 'yata ta biyu na haɗu da wata ungozoma da ta zaunar da ni ta yi min bayanin kowane gwaji, na jini, na fitsari, na ciwon hanta, har ta zana min a takarda. A ciki na uku, wuri ɗaya, ɗaki ɗaya, wadda na tarar ko ɗago kai ba ta yi ba, ta miƙo takarda ta ce "je ki biya". Sikanin aka ce in yi da mafitsara cike, na sha ruwa leda huɗu, na zauna awa uku ina matse da fitsari, sannan aka fito aka ce mai yi ya tafi taro, mu dawo gobe. Kuka na yi a cikin a-daidaita har gida. To lafiyar talaka ta koma sa'a ke nan, ya danganta da wanda ka tarar a bakin aiki ranar.

Dan_Muciya:
Ba sa'a ba ce Hajiya, sanayya ce. In kana da wani a ciki, katinka zai fito cikin minti goma. In ba ka da kowa, a ce fayil ɗinka ya ɓata.

Baba_Mai_Ritaya:
'Ya'yana ku bar ni in sa baki. Na san lokacin da asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello yake Tudun Wada a nan Zariya, kafin a koma Shika a 2005. Garin nan ba baƙon aikin likita ba ne. Asibitin mishan na Wusasa tun zamanin Turawa yake, kuma daga Wusasa ne Dakta Barau Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, wanda aka sa wa asibitin koyarwa na Kaduna sunansa. Likitocin da aka horar a Zariya sun cika ƙasar nan, yanzu kuma sun cika Saudiyya da Ingila. Ɗan ƙanwata yana cikinsu, kuma ban iya hana shi ba da ya nuna min albashinsa. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. A ƙasarmu aka yi alkawarin, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Jama'a sun ninka, gadaje da ma'aikata ba su ninka ba. Mutanen Katsina, Zamfara, har da na Jamhuriyar Nijar nan suke zuwa neman ƙwararru. Tulu ɗaya ne ake so ya shayar da unguwa.

Dan_Muciya:
Baba Allah ya ƙara girma. Amma rashin kuɗi ne yake sa ma'aikaci ya daka wa tsohuwa tsawa don ba ta jin Turanci?

Baba_Mai_Ritaya:
A'a ɗana, wannan rashin tarbiyya ne, ban kare shi ba.

Yar_Gyallesu:
Don Allah ku bar ni in taɓo ɓangaren da ba a cika faɗa ba, wato tsoro. Dan_Kwarbai ya ce Baba ya ƙi a sake soka masa allura, ni na fahimce shi. Bara na ji ƙullutu a ƙirjina. Wata biyar na ɓoye, ko maigida bai sani ba, don ina tsoron abin da za a ce. Da na je aka yi hoto, aka ce sai an ciri ɗan nama an kai ɗakin bincike. Ranar da za a cira, hannuna rawa yake yi har na kasa sa hannu a takarda, wata nas ta riƙe min shi tana min hira kan yarana har aka gama. Sai jira. Aka ce mako biyu. Na koma, ba su fito ba. Na sake komawa, ba su fito ba. Mako shida na yi ban san ɗanɗanon abinci ba, in na kalli autana sai in shige ɗaki in rufe ƙofa. Da sakamako ya fito, alhamdu lillahi ba daji ba ne. Amma likitan ya ce min da shi ne, wata biyar ɗin da na ɓata suna iya zama bambancin rayuwa da mutuwa. Abin da ya riƙe ni a makonnin nan shi ne na faɗa wa yayata, ta riƙa raka ni duk zuwa. 'Yan uwa mata kar ku ɗauki irin wannan kaya ku kaɗai.

Maman_Ilham:
Allahu akbar. Allah ya ƙara miki lafiya 'yar uwa. Kin sa ni hawaye.

Abu_Huzaifa_Jushi:
Ni dai ra'ayina yawan gwaje-gwajen nan shi ke jawo wa mutum ciwo. Kakanninmu sun yi shekara 90 ba su san suga ba. A ba Baba zuma da habbatus sauda, a dogara ga Allah.

Malama_Tudun_Jukun:
Malam Abu Huzaifa, a yi hattara. Mutumin da ake zargin suga ne kake cewa a ɗura wa zuma? Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. To ta yaya za ka nemi magani ba ka san cutar ba? Kakannin da kake faɗa, nawa ne suka tafi aka ce "ciwon ajali" ko "sammu", alhali suga ne ko hawan jini? Tawakkali baya hana ɗaure raƙumi.

Abu_Huzaifa_Jushi:
Na karɓi gyara kan zumar. Amma ku ma ku yarda ana rubuta gwajin da babu buƙata.

Likitan_Karkara:
Ana rubutawa, ban musa ba. Wani lokacin likita yana da minti uku ne kacal da kai, ga mutum tamanin a waje, sai ya rubuta komai don kar wani abu ya kuɓuce masa. Haƙƙinka ne ka tambaya: "Likita, kuɗina ba za su isa duka ba, wanne ne ya fi gaggawa?" Babu likitan kirki da zai ji haushin wannan tambaya. Dan_Kwarbai, ba zan yanke wa Baba ciwo ta waya ba, amma da ni ne da kuɗi kaɗan, zan ajiye zancen taifot, in bi suga, in auna hawan jini, in duba ƙoda. Kuma ka kai wa likita duka takardun uku, kar ka zaɓa masa. Ka faɗa masa zancen kokon nan, da sunan duk maganin da Baba ya sha, har na gargajiya.

Dan_Palladan:
Tun da ana zancen sakamakon ƙarya, ku yi hankali da gwajin jinin aure. Wani abokina an ce masa AA ne, amarya AS, aka ɗaura. Ɗansu na biyu sikila. Da aka maimaita, ashe shi ma AS ne. Yanzu kowane wata suna asibiti.

Malam_Dakin_Gwaji:
Inna lillahi. Wannan yana faruwa, ko dai daga na'ura, ko a musanya kwalabe, ko mutum ya yi ƙarin jini kwanan nan bai faɗa ba. In AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Shawarata kullum: a yi a wuri biyu daban kafin a sa rana. Ka tsaya ka ga an rubuta sunanka a jikin kwalba a gabanka. Sannan akwai hukumar MLSCN da ke yi wa ɗakunan gwaji rajista, ba laifi ba ne ka nemi ganin shaidarsu a bango.

Uwargida_Samaru:
Wai inshorar lafiyar nan da ake ta faɗa tana aiki kuwa? Ko ta ma'aikata ce kawai?

Ma'aikaci_Kongo:
Akwai ta tarayya, NHIA, wadda dokar 2022 ta maye gurbin NHIS da ita, akwai kuma ta jihar Kaduna, KADCHMA, wadda ko ba ma'aikaci ba ne kana iya shiga ka biya na shekara. Ni ta yi min rana a haihuwar matata da ƙananan gwaje-gwaje. Amma kar in yaudare ki, in abin da aka rubuta babu shi a asibitin da kika zaɓa, sau da yawa aljihunki ne zai yi magana.

Dan_Muciya:
Ka ga mun dawo kan "babu" ɗin dai.

Jikan_Saye:
Ba komai ne ya lalace ba jama'a, a faɗi alheri ma. Ƙanena ya yi tari wata biyu, muna ta sayen magani a kemis. Da muka je cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye, aka karɓi majinarsa aka sa a na'urar GeneXpert, aka gano tarin fuka ne. Gwaji kyauta, magani na wata shida kyauta, har bibiyarsa suka riƙa yi. Ya warke sarai. Duk wanda tari ya wuce masa mako biyu ya je a duba shi.

Nas_Ta_Dare:
Na gode Jikan_Saye. Ka lura kuwa, inda abu ke tafiya daidai, irin tarin fuka, ƙanjamau da rigakafin yara, akwai shiri na musamman da kuɗinsa da masu bibiya. Suga, hawan jini da ƙoda kuwa, mai ciwo ne da aljihunsa. Jihar nan mazaɓu 255 gare ta, an yi aikin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, kuma dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Wasu ƙananan asibitocin sun amfana, za ka ga sola da ruwa da ma'aikata. Wasu fenti ne kawai ya canza.

Hajiya_Kofar_Doka:
Ɗana Dan_Kwarbai, ni na yi jinyar mahaifiyata shekara bakwai, ga abin da wahala ta koya min. Ka sayi jaka guda ta takardu, komai ya shiga ciki, har rasit. Duk sakamakon da ya fito ka ɗauki hotonsa a waya kafin ka miƙa, don in ya shiga fayil ba lallai ka sake ganinsa ba. In gwajin yunwa ne, ka tafi da abincinsa a kwano, ana ɗibar jini ya ci. Ka gaya wa mai ɗiba cewa dattijo ne bai karya ba, da yawa suna sa su gaba in an yi magana da ladabi. Shi kuma Baba kar ku yi masa taron dangi. Ka samu wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko limamin unguwa, ya yi masa magana. Tsofaffi ba allurar suke tsoro ba, gani suke suna cinye kuɗin 'ya'yansu.

Dan_Kwarbai:
Hajiya wallahi kin faɗi abin da yake ransa. Jiya da daddare ya kira ni ya ce in bar kuɗin in biya wa yara makaranta. Na rasa abin da zan ce masa.

Bazazzagi_Asali:
Ka turo min saƙo ta gefe. Ba yawa, amma a rage wani abu.

Yar_Gyallesu:
Ni ma a sa da ni.

Dan_Kwarbai:
Jama'a na dawo da bayani, kwana tara ke nan. Amininsa ne ya lallashe shi, kamar yadda Hajiya ta ce. An yi HbA1c, ya fito 8.9, likita ya ce ciwon suga ne, ya duba takardar Widal ya ture ta gefe. An fara magani, an hana shi shayi mai siga da lemon kwalba, fitsarin dare ya ragu. Waɗanda suka taimaka, Allah ya biya ku da mafificin alheri. Saura gwajin ƙoda, an karɓi kuɗi an ɗebi jini, sau biyu ina zuwa ana cewa na'ura ta tsaya. Ranar ganin likitan suga kuma sai nan da mako bakwai. Malam_Dakin_Gwaji, jinin da aka ɗiba tun ranar Talata zai yi amfani in na'urar ta tashi, ko sai an sake soka masa?

Malam_Dakin_Gwaji:
Ya danganta da ko sun tace shi sun sa a sanyi tun ranar. Ka tambaye su kai tsaye. In ba su yi ba, ka nemi a sake ɗiba da rasit ɗinka na farko, kar ka biya sau biyu.

Dan_Muciya:
In sun yarda.

Nas_Ta_Dare:
Ka je da safe kafin takwas, ka nemi shugaban ɗakin gwajin da kansa, ba na kan tebur ba.